Hanyar Kwalta da Mashigin Kogi: Tarihin Maganin Tazarar Haihuwa a Boso da Kwarin Komadugu

Garin Boso yana zaune ne a bakin kogin Komadugu Yobe, kusa da inda ruwan kogin yake zuba cikin tafkin Cadi. A ƙetaren ruwa akwai Malam Fatori ta jihar Borno a Najeriya, tafiyar da ba ta kai a ɗaura mata guzuri ba. Zuwa birnin Difa kuwa sai an ci kilomita kusan ɗari, daga Difa zuwa Yamai kuma sama da kilomita 1,300. Wannan lissafi na kusa da nesa shi ne ya tsara yadda sabulu da atamfa da man fetur suke isa garin tun da jimawa, kuma shi ne ya tsara yadda magani yake isa. Tarihin ƙwayoyi da allurai na tazarar haihuwa a wannan kwari ya biyo hanyoyi biyu ne. Akwai ta hukuma, doguwa, wadda take tasowa daga ma'ajiyar magunguna ta Yamai ta bi kwalta. Akwai kuma ta kasuwa, gajera, wadda take ƙetaro kogi a kwalekwale, ana biyan kuɗinta da naira.

Tun kafin ɗayansu ta iso, mutanen kwarin ba su rasa dabara ba. Barebari manoman bakin kogi, da Mangawa, da Budumawan tsibirai, da Fulani da Larabawa da Tubawa makiyaya, da Hausawa masunta da ƴan kasuwa da suka biyo ruwa, duk sun san cewa ciki a kan goyo haɗari ne ga uwa da abin da take shayarwa. Hausawa suna kiran abin kwanika, wasu su ce rurrutsa, kuma abin gori ne a tsakanin mata. Maganinsa na farko shi ne doguwar shayarwa, har shekara biyu kamar yadda aka ambata a cikin Suratul Baƙara, da zaman jego a gidan iyaye, nesa da ɗakin miji. Idan haka bai wadatar ba sai a nemi laya ko guru ko rubutun sha ko saiwa. Malaman mazhabar Malikiyya kuma sun daɗe da halatta azalu bisa yardar matar aure. Abin lura a nan shi ne, mai layar da mai saiwar ba kyauta suke bayarwa ba. Ashe ciniki a kan tazarar haihuwa ya girmi gidan likita da shekaru masu yawa, kuma a asirce ake yin sa, tsakanin mace da wanda ta amince wa.

Abin da ya tsare ƙofa ga maganin zamani doka ce da aka yi saboda matsalar wata ƙasa dabam. Faransa ta fito daga yaƙin duniya na farko ta rasa sojoji wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, shugabanninta suna fargabar ƙarancin haihuwa. Ranar 31 ga Yuli 1920 majalisarta ta kafa dokar da ta haramta zubar da ciki, ta kuma haramta talla da yaɗa duk wani bayani game da hana ɗaukar ciki. Dokar ta bi Turawan mulki zuwa ƙasashen da suka mallaka. Faransa da kanta ta warware sashen da ya shafi hana ɗaukar ciki a watan Disamba 1967, amma Nijar, wadda ta karɓi mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, ta ci gaba da riƙon abin da ta gada har shekara ashirin da takwas bayan saukar tutar Faransa. Mai kaya ya sauke kayansa, ɗan dako bai ji labari ba.

A waɗannan shekaru magani kusan duka a hannun gwamnati yake. A 1962 aka kafa hukumar magunguna ta ƙasa, ONPPC, aka ba ta ikon shigo da magani ita kaɗai, ta kuma buɗe kantunan maganin jama'a a manyan garuruwa. Difa a lokacin ƙaramin gari ce. Sai a 1964 aka mayar da ita mazaunin hukumar yankin, kwalta kuma ba ta iso ta ba sai a shekarun 1970, lokacin da ƙasar Kanada ta taimaka aka shimfiɗa hanyar da ta kai Ngigmi. Ko ita wannan hanya ba ta bi ta Boso ba. Daga kwalta sai a ratse a shiga rairayi ta wajen Tumur, hanyar da take wahalar da mota da rani, ta gagare ta idan kogi ya cika. Duk kwalin maganin da aka rubuta wa sunan Boso a Yamai yana da wannan tafiya a gabansa.

Sauyi ya fara ne a zamanin Janar Seyni Kunce. A 1984, da tallafin asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, UNFPA, aka buɗe cibiyar kula da lafiyar iyali a Yamai. Shekarar ta zo da fari mai tsanani, rumbuna suka wayi gari fayau. A 1985 shugaban ya tsaya a garin Matamai ya yi jawabin da har yau ake tunawa da shi, inda ya faɗa a bainar jama'a cewa yawan al'umma yana gudu fiye da abin da gona take bayarwa. Bai rayu ya ga dokar ba, domin ya rasu a Nuwamba 1987. Magajinsa Ali Shaibu ne ya sa hannu, ranar 7 ga Afrilu 1988, a kan dokar da ta halatta amfani da maganin hana ɗaukar ciki a Nijar. Sai dai halattawa a takarda dabam, samu a hannu dabam. Ma'aikata da yawa sun ci gaba da neman shaidar yardar miji kafin su miƙa wa mace ko da fakiti ɗaya na ƙwaya, kuma gidajen likitan da suka iya aikin sun taru ne a birane. Babban binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 1992 ya nuna cewa matan aure 2.3 ne kacal cikin ɗari suke amfani da hanyar zamani. A 1998 adadin ya kai 4.6, a 2006 kuma bai wuce 5 ba.

Wannan tafiyar hawainiya tana da dalilai, kuma babbansu kuɗi ne. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa majinyaci ya riƙa biyan wani abu domin gidan likita ya iya sabunta maganinsa. Nijar ta gwada tsarin a Boboye da Say a 1993, ta mayar da shi doka a 1995. Ana cikin haka, a watan Janairu 1994, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, duk abin da ake sayowa daga waje ya ninka kuɗi dare ɗaya. ONPPC ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, kantunanta suka riƙa zama ba kaya, har a 1997 aka buɗe wa ƴan kasuwa damar shigo da magani. Amma masu manyan kantunan magani ba su da dalilin zuwa inda babu masu saye da yawa. Mafi yawansu a Yamai suka kafa. Gurbin da aka bari sai ƴan tebur da masu yawo da magani a tire ko a bayan keke suka cike shi, a kowace kasuwar mako ta ƙasar.

A kwarin Komadugu kayan waɗannan ƴan tebur ba daga Yamai yake zuwa ba. Dalilin yana cikin gonakin bakin kogi. Tattasai, wanda ake yi wa kirari da jan zinariyar ƙasar Manga, shi ne arzikin kwarin, kuma mafi yawansa Najeriya ake kai shi ta Damasak da Malam Fatori. Bandar kifin tafki ita ma can take nufa, zuwa Doron Baga da Maiduguri. Motar da ta tafi da buhunan tattasai ba ta dawowa wayam: takan ɗauko taki, da man injin ban ruwa, da sukari, da kwalayen magani daga Maiduguri, wanda shi ma ya fito daga kasuwar Sabon Gari ta Kano ko daga Onica. Shi ya sa naira ce kuɗin cefane a Boso da ƙauyukanta, sefa kuwa ta zama kuɗin albashi da haraji. Matar da ta yi aikin tsinkar tattasai ta samu ƴan kuɗinta, kasuwar da za ta kashe su kasuwar naira ce.

A can ƙetaren kuma an riga an fara wani gwaji wanda asalinsa daga Indiya yake. A 1968 gwamnatin Indiya ta lura cewa ganyen shayi da sabulu da batir suna kaiwa ƙauyen da likita bai taɓa takawa ba, sai ta miƙa wa kamfanonin da suke rarraba su kwaroron roba mai suna Nirodh, aka rage masa kuɗi ƙwarai, aka ce a sayar da shi kamar kowace haja. Bangladesh ta bi sahu a tsakiyar shekarun 1970 da kwaroron Raja da ƙwayar Maya. Hikimar ita ce mai tallafi ya biya mafi yawan kuɗin, mai shago ya samu ƴar ribarsa domin kada ya bari kayan ya yanke, mai saye kuma ya biya abin da ba zai dame shi ba. A Najeriya ƙungiyar Society for Family Health, wadda ta kafu a shekarun 1980, ita ce ta yaɗa kwaroron Gold Circle da ƙwayoyi ta hannun ƙananan shagunan magani da ake kira kemis, waɗanda suke kusan kowane lungu. Kayan da aka rage wa kuɗi domin talakan Najeriya ba ya tsayawa a bakin iyaka, kamar yadda fetur da taki ba su taɓa tsayawa ba.

Ya kamata a yi wa wannan kasuwa adalci, domin ta ba mata abin da gidan likita ya hana su. Mai tebur ba ya tambayar takardar miji. Ba a bin layi a gabansa inda dangin miji ko kishiya za su gani su kai labari gida. Yana nan da daddare, yana ba da bashi, ana iya aiken yarinya ko tsohuwa ta karɓo. Ga macen da sirrinta ya fi mata kuɗin da za ta biya, waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma abin da kasuwa ba ta iya bayarwa shi ma babba ne. Ƙwayar da ta yini a tire cikin zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura 40, ba lallai ƙarfinta ya rage yadda yake ba. Mai sayarwa sau da yawa bai iya karanta ranar lalacewar magani ba, bai san a auna hawan jini kafin a ba da ƙwaya ba, bai kuma san ya gaya wa mace cewa kullum ake sha ba, ko maigida yana gari ko ya yi tafiya. Idan jinin al'ada ya rikice, abin da yakan faru ga masu allura a watannin farko, babu mai kwantar mata da hankali, sai ta daina, ta kuma gargaɗi maƙwabtanta. Ga kuma jabu. A lokacin annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa dubun-dubatar mutane a Nijar allurar rigakafi ta jabu wadda babu magani a cikinta, kuma sai daga 2001, da Dora Akunyili ta karɓi hukumar NAFDAC, Najeriya ta shiga yaƙi na gaske da masu wannan sana'a.

Jita-jita ma kwalekwale ɗaya take shiga da kaya. Gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano a 1996, da ƙauracewa rigakafin shan inna a wasu jihohin arewacin Najeriya a 2003 bisa zargin an sa masa abin hana haihuwa, sun bar tabo a zukata har wannan gefen kogi. A cikin gida kuma ƙungiyoyin addini da suka samu bakin magana bayan babban taron ƙasa na 1991 sun tsaya tsayin daka har aka jingine daftarin dokar iyali a 1994. Daga wannan gwagwarmaya ma'aikatan lafiya suka koyi darasin harshe, wanda malaman makaranta za su fi kowa gane nauyinsa. Kalmar ƙayyade iyali tana sa mai sauraro ya ji ana neman a ƙirga masa ƴaƴa, abin da yake ganin na Allah ne shi kaɗai. Tazarar haihuwa ko hutun haihuwa kuwa magana ce da kakarsa ta sani. Binciken 2012 ya nuna cewa matan Nijar, in an tambaye su yawan ƴaƴan da suke so, amsarsu takan haura tara. Wadda ta zo neman allura galibi hutu take nema tsakanin goyo da goyo, kuma duk shirin da bai fahimci haka ba ya yi ta kiɗa babu mai taka masa rawa.

Da hawan Tanja Mamadu mulki a ƙarshen 1999, ɗan Maine Sorowa a wannan jaha ta Difa, hanyar hukuma ta ƙara tsawo zuwa karkara. Daga 2001, da kuɗin sassaucin bashin da aka yi wa ƙasa, aka gina ƙananan ɗakunan shan magani sama da dubu biyu a ƙauyuka. Shekarar 2006 ita ce mafi muhimmanci tun bayan 1988: a watan Afrilu aka mayar da maganin tazarar haihuwa kyauta a gidajen likitan gwamnati, tare da awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar, ranar 21 ga Yuni kuma aka kafa dokar lafiyar haihuwa. A cikin wannan wata ne dai majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata, alamar cewa ƙasar ta yarda da magani amma tana ɗari-ɗari da duk maganar da ta ji ƙamshin an shigo mata da ita.

Kyautar ta zo da nata ciwon kai. Tsarin shi ne gidan likita ya yi aiki, ya aika takardun kuɗi Yamai, gwamnati ta biya shi. Biyan ya riƙa makara da watanni, wani lokaci da shekaru, har asusun gidajen likita ya bushe. Su ƙwayoyin da alluran, mafi yawansu UNFPA ce take sayo su, amma man motar da za ta kai su, da auduga, da safar hannu, da ladan mai shara, duk daga wancan busasshen asusu suke fita. Majon da yake gidan likita mai nisa irin na Boso ya fi kowa jin jiki, domin shi ne na ƙarshe a layin rabo. Ma'aikatan ƙananan ɗakunan ƙauye kuma da farko ba a ba su izinin yin allurar wata uku ba, alhali ita ce mata da yawa suka fi so saboda ba ta barin fakitin da wani zai tsinta a ƙarƙashin katifa.

A wannan zamani ne Nijar ta yi nata gwajin irin na Indiya. Da tallafin bankin raya ƙasashe na Jamus, KfW, aka fito da kwaroron roba mai suna Foula a farkon shekarun 2000, aka yi masa talla a filayen kokawa da gidajen rediyo, daga baya aikin ya koma hannun ƙungiyar ANIMAS-SUTURA, wadda ta ƙara da ƙwaya mai suna Sutura. Zaɓen sunayen ya nuna an yi tunani: hula abin mutunci ce a kan namiji, sutura kuma rufin asiri. Sai dai ƙarfin aikin ya fi yawa a tsakiya da yammacin ƙasa, inda jama'a take da cunkoso kuma mota ɗaya za ta zaga kasuwanni da dama a mako. Jahar Difa, bisa ƙidayar 2012, mutum ƙasa da dubu ɗari shida ne a shimfiɗe a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita sama da 150,000. Kai kwali ɗaya can ya fi tsada, harshen gida kuma a bakin kogi Barbarci ne, wasan kwaikwayon da aka tsara da Hausa ko Zabarmanci bai cika shiga ɗakin tsohuwa yadda ake so ba. A jahar Damagaram aka fara makarantun mazaje a 2008, inda magidanta masu mutunci suke zama su tattauna lafiyar matansu, tsarin ya yi suna har ƙasashen waje suka kwaikwaya.

Shekarun 2011 zuwa 2014 sun zo da fata mai yawa. Ƙasashe tara na Afirka ta Yamma masu amfani da Faransanci suka ƙulla ƙawance a Wagadugu a Fabrairu 2011, aka yi babban taron Landan a Yuli 2012, Nijar ta sa wa kanta burin kaiwa kashi 50 cikin ɗari kafin 2020. Binciken 2012 ya samu kashi 12, ninki biyu da ɗoriya a kan na 2006, ko da yake matsakaicin haihuwa ya tsaya a 7.6 ga kowace mace. A jahar Difa 6.4 ne, ƙasa da na Maraɗi da Damagaram da suka haura takwas. A 2013 aka rage kuɗin ashanar fata da rabi a kasuwar duniya. A 2014 aka shigo da Sayana Press, ƙaramar allura da take zuwa a ɗure, wadda ma'aikacin ƙauye zai iya yi bayan ɗan horo, aka fara da Magarya da Tera. Boso ita ma an ɗaga ta zuwa matsayin gunduma mai zaman kanta a 2011.

Sai yaƙi ya zo. A Nuwamba 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Malam Fatori da Damasak, ƙofofin kasuwar kwarin guda biyu. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 suka kai hari Boso da Difa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawa babur, ta hana cinikin tattasai da kifi bisa zargin kuɗinsu yana kaiwa ga mayaƙan, aka rufe wasu kasuwannin mako, aka sa dokar hana fita. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafki. Ranar 3 ga Yuni 2016 aka sake afka wa Boso da ƙarfi, kimanin mutum 50,000 suka watse daga garin da kewayensa, suka bi ta Tumur suka zube a gefen kwalta, a wurare irin su Kinjandi da Garin Wanzam. An wawashe wasu gidajen likita, wasu an rufe su, ma'aikata suka janye. A cikin wata goma sha takwas hanyoyin nan biyu, ta kwalta da ta kogi, suka yanke tare.

A nan ne bambancin wannan magani da sauran magunguna ya fito fili. Mai zazzaɓi in ya samu magani sau ɗaya ya warke, an gama. Ƙwayar tazara kullum ake shan ta, allura kuma duk mako goma sha uku ake sabunta ta. In lokaci ya wuce da yawa, kariyar da aka yi shekara biyu ana riƙo ta tafi. Hana babur, wanda aka yi domin tsaro, ya cire abin hawa ɗaya tilo da yake kai mace daga ƙauye zuwa gidan likita ta dawo kafin a lura da rashinta. Hana tattasai ya cire kuɗin da take saye da shi a kasuwa. Babu wanda ya zauna ya yi niyyar hana mata magani, amma kowane mataki na dokar ta-ɓaci ya taɓa shi ta wani gefe, a daidai lokacin da ciki ya fi zama haɗari. Annobar ciwon hanta nau'in E da ta ɓarke a sansanonin Difa a 2017 ta kashe mutane fiye da talatin, mafi yawansu mata masu ciki.

Abin da ya cike gurbi hanya ce ta uku, ta ƙungiyoyin agaji. Likitocin MSF suka tallafa wa cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Difa, UNFPA da wasu ƙungiyoyi suka riƙa aika motocin asibitin tafi-da-gidanka zuwa sansanoni. Wani abin mamaki na wannan lokaci shi ne, matan tsibirai da yawa a gudun hijira suka fara zama gaban ƙwararriyar ungozoma, domin kwalta da suka zube a gefenta ta kusantar da su ga ma'aikata fiye da garuruwansu na asali. Ashanar fata, mai aiki shekara uku zuwa biyar, ta dace da wadda ba ta san inda za ta kwana baɗi ba. Amma ita ma tana da sharaɗi: sai an samu hannun da ya iya cire ta ranar da matar ta so haihuwa, kuma motar agaji tana zuwa ne iya tsawon kuɗin da mai tallafi ya ware.

An ɗage hanin tattasai a ƙarshen 2017, na kamun kifi a 2019, amma a Agustan wannan shekara Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba 2020. A Yuni 2021 gwamnatin Mohamed Bazum ta fara mayar da ƴan gudun hijira garuruwansu, aka fara da Baruwa ta gundumar Boso. Binciken ƙasa na wannan shekara ya samu matsakaicin haihuwa ya sauka zuwa 6.2, masu amfani da hanyar zamani kuma kusan kashi 10 ne, nesa ƙwarai da 50 da aka yi buri.

A Najeriya, daga 2017, an gwada wani abu a Kaduna da Legas wanda ya shafi tsohuwar matsalar kwarin kai tsaye: maimakon korar masu kemis, sai aka zaɓi waɗanda suke da ilimin kiwon lafiya a cikinsu aka horar da su, aka ba su kaya mai inganci, aka sa musu ido. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince mace ta riƙa yi wa kanta ƙaramar allurar nan a gida bayan an koya mata, abin da yake nufin za ta iya tafiya da ta watanni da dama a ƙullin zanenta. Dabarun biyu sun fi amfani a irin wurin da hanya take yankewa ba sanarwa, duk da cewa ba a nan aka fara gwada su ba.

Hanyar hukuma kuwa ta ƙara nisa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ya toshe hanyar tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wadda mafi yawan maganin Nijar yake bi, har kantunan Yamai suka yi ƙarancin kaya. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma a lokacin manyan motoci sun riga sun koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso cikin rakiyar soja. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, ta kuma janye kuɗin da take ba UNFPA, asusun da ya buɗe cibiyar Yamai a 1984 kuma ya daɗe yana sayen mafi yawan ƙwayoyi da alluran da ake rabawa kyauta a gidajen likitan Nijar.